Wasiƙar 1924 da Filin São Januário: Launin Fata, Sana'a da Kuɗi a Tarihin Ƙungiyar Vasco da Gama

Tsakure

Wannan takarda ta bibiyi tarihin Club de Regatas Vasco da Gama ta birnin Rio de Janeiro a ƙasar Birazil, musamman shekarun 1923 zuwa 1933, lokacin da ta yi fito-na-fito da manyan ƙungiyoyin birnin kan wanda ya cancanci buga gasar manya. Hujjar takardar ita ce, a shekarun nan an daina rubuta wariya da sunan launin fata, an cusa ta cikin sharuɗɗan sana'a, iya rubutu da mallakar fili. Vasco ta tsallake sharuɗɗan ɗaya bayan ɗaya da aljihun 'yan kasuwar Fotugal, waɗanda su ma suna da tasu buƙatar a cikin lamarin.

Gabatarwa

Ranar 7 ga Afrilu 1924 shugaban Vasco da Gama, José Augusto Prestes, ya sa hannu a wata gajeriyar wasiƙa zuwa ga Arnaldo Guinle, attajirin da ke jagorantar sabuwar hukumar wasanni ta Rio mai suna AMEA. Hukumar ta gindaya wa Vasco sharaɗi: in tana son shiga, sai ta sallami 'yan wasanta goma sha biyu. Wasiƙar ta ce ƙungiyar ta haƙura da shigar. A yau magoya bayan Vasco na kiran wannan takarda "amsa mai tarihi", suna ji da ita kamar yadda suke ji da kofunansu. Abin da ya ja hankalina gare ta shi ne, duk da ana ɗaukar ta a matsayin babbar takardar yaƙi da wariyar launi a ƙwallon Birazil, babu inda ta ambaci launin fatar kowa. Daga nan wannan nazari ya taso.

Birnin da ƙungiyar ta tashi a cikinsa

Birazil ce ƙasa ta ƙarshe a nahiyar Amurka da ta soke bauta, ranar 13 ga Mayu 1888, bayan an sauke 'yan Afirka fiye da miliyan 4 a gaɓarta. Daga cikin waɗanda aka kai Bahia a farkon ƙarni na 19 har da Hausawa, da sunansu ya fito a yunƙurin bore na 1807 da na 1814. Amma akasarin waɗanda aka sauke a Rio daga yankin Angola da Kongo aka kwaso su. An 'yanta bayi ba a ba su gona ba, ba a ba su makaranta ba. Tsarin mulkin jamhuriya na 1891 kuma ya hana wanda bai iya karatu da rubutu ba jefa ƙuri'a, a ƙasar da mafi yawan mutanenta ba su taɓa zama a aji ba. Ina roƙon a riƙe wannan sharaɗi na rubutu, domin zai sake ɓullowa a bakin filin ƙwallo.

Shekara goma bayan soke bautar, ranar 21 ga Agusta 1898, wasu samari kimanin sittin, yawancinsu 'yan ci-rani daga Fotugal masu aiki a kantuna, suka kafa ƙungiyar tseren kwale-kwale. A shekarar ake bikin cika shekara 400 da isar matuƙin jirgin ruwan nan Vasco da Gama ƙasar Indiya, sai suka sa mata sunansa. Tseren ruwa shi ne wasan da ake yayi a Rio a lokacin. Flamengo ma da shi ta fara a 1895. A 1904 'yan ƙungiyar suka zaɓi Cândido José de Araújo, ɗan ruwa biyu, ya shugabance su, abin da ba a saba gani ba a ƙungiyoyin birnin.

Ƙwallon ƙafa kuwa ta wata ƙofar ta shigo. Oscar Cox, wanda ya koyo wasan a makaranta a Suwizalan, shi ya jagoranci kafa Fluminense a 1902. Botafogo da América suka biyo baya a 1904, aka fara gasar birni a 1906. 'Yan wasan ɗalibai ne da 'ya'yan masu hali, ana zuwa kallonsu da kwat da hula, mata da ado kamar masu zuwa liyafa. Ƙungiya ɗaya ce ta fita daban, wato Bangu ta masaƙar da ke bayan gari, wadda ta sa baƙin ma'aikaci Francisco Carregal a wasa tun 1905. A 1907 hukumar gasar ta fito fili ta ce ba za ta yi wa masu launi rajista ba, Bangu ta fice na ɗan lokaci. Wannan shi ne karon da aka kira abin da sunansa. Bayan nan salon ya canza. Dokokin "wasan sha'awa", wato wasan da ba a karɓar ko sisi a kansa, suka riƙa hana mai aikin ƙarfi, da baran gida, da ƙaramin soja, da wanda bai iya rubutu ba. A birnin da shekara talatin baya ana sayar da mutane, kowa ya san su wane ne masu dako a tashar jirgin ruwa.

Masu baƙar riga

Sai a ƙarshen 1915 Vasco ta buɗe sashen ƙwallon ƙafa, kuma wasanta na farko a 1916 an lallasa ta da ci 10 da 1. Daga rukuni na uku ta fara. Da yake ba ta da 'ya'yan manya da za ta ɗauka, sai ta shiga unguwannin bayan gari da ƙananan gasanni tana tsinto duk wanda ƙafarsa ta iya, baƙi ne, ruwa biyu ne ko farin talaka. Ta ci rukuni na biyu a 1922, ta hau na manya a 1923.

Yadda aka riƙe waɗannan samari shi ne sabon abu. Ƙungiyar ta ba su wurin kwana da abinci, ta ɗauko koci ɗan Yurugwai, Ramón Platero, ya sa su gudu da atisaye kullum. Ɗalibin lauya na Fluminense da ke leƙa fili in ya samu sarari ba zai iya jure wa wanda ba shi da wani aiki sai horo ba. Shi ya sa aka san Vasco ta 1923 da cin wasa bayan an dawo hutun rabin lokaci, sa'ad da abokan karawa suka fara haki. Mai tsaron gidansu, Nelson da Conceição, direba ne, har laƙabinsa ke nan. Da baƙaƙen riguna suke wasa, sunan ya bi su. A kakar gaba ɗaya sau ɗaya aka doke su, Flamengo ce ta yi, da ci 3 da 2, kuma an ce magoya bayan sauran ƙungiyoyi duk sun goya wa Flamengo baya a ranar. Vasco ta ɗauki kofi a shekararta ta farko a rukunin manya.

To yaya direba da ɗan dako suka tsallake dokar sana'a? Ɗan jarida Mário Filho, a littafinsa na 1947 kan baƙar fata a ƙwallon Birazil, ya bayyana dabarar dalla-dalla. Masu kantuna 'yan Fotugal sukan rubuta sunan ɗan wasa cikin ma'aikatansu. Idan kwamitin binciken hukuma ya zo kanti yana tambaya, sai maigida ya ce ai yanzun nan ya aike shi. Game da rubutu kuwa, doka ta ce kowane ɗan wasa sai ya sa hannu a takardar wasa kafin a take leda. Ƙungiyar ta ɗauki malami yana koya musu da dare. Wasu ba karatu suka koya ba, zanen sunansu suka haddace, kuma mai dogon suna aka taƙaita masa shi. Mutum ya yi gudun kilomita da yawa bai gaji ba, amma alƙalami ya sa shi gumi a gaban alƙalin wasa da 'yan kallo. Akwai kuma tukuicin da 'yan kasuwa ke bayarwa bayan nasara. Da yake an haramta ambaton kuɗi, sai aka ari sunayen dabbobin cacar da ta shahara a Rio: kare na nufin biyar, zomo goma. Har yau 'yan ƙwallon Birazil da sunan dabba suke kiran kuɗin cin wasa.

Dole a faɗi gaskiya a nan: bisa dokar lokacin, Vasco tana karya ƙa'ida. 'Yan wasanta ƙwallo ce sana'arsu, ko da an ɓoye. Abin tambaya shi ne wa aka yi dokar domin ta hana.

Wasiƙar

A farkon 1924 Fluminense, Flamengo, Botafogo, América da Bangu suka fice daga tsohuwar hukuma, suka kafa AMEA. Sabuwar hukumar ta tsaurara bincike kan sana'ar ɗan wasa da hanyar cin abincinsa, ta ƙara wahalar takardar rajista ta yadda haddace suna ba zai wadatar ba, ta kuma kawo maganar cewa ƙungiyar manya sai da filinta na kirki. Vasco ba ta da shi. Da aka tace 'yan wasanta, sai aka ce goma sha biyu ba su cancanta ba.

Wasiƙar Prestes ta koka da cewa an yanke wa mutanen hukunci ba tare da an ji ta bakinsu ko an ba su mai kare su ba. Ta ce samari ne, kusan dukkansu 'yan Birazil, da ke farkon rayuwarsu, kuma rashin mutunci ne ƙungiyar ta sadaukar da waɗanda suka ciyo mata kofin 1923 don neman kujera a hukuma. Kalamanta na ladabi ne, babu zagi. Vasco ta zauna a tsohuwar hukuma tare da ƙananan ƙungiyoyi, ta ci gasar 1924 ba a doke ta ko sau ɗaya ba.

Shekara guda kawai aka yi, a 1925 AMEA ta karɓe ta da 'yan wasanta. Ba wa'azi ne ya ratsa zukatan manya ba. Al'ummar Fotugal a Rio tana da yawa, tana da kuɗi, kuma ta ɗauki ƙungiyar tamkar tutarta. Talakawan bayan gari ma suna bin ta. Duk inda Vasco ta buga, kuɗin ƙofa sai ya ninka. Gasar da ba Vasco a ciki ta zama gasar asara.

Saɓanin masana

Shekaru da dama labarin Mário Filho ne ake maimaitawa. Shi mutum ne mai faɗa a ji: ya riƙe jaridar Jornal dos Sports, masanin zamantakewa Gilberto Freyre ne ya rubuta wa littafinsa gabatarwa, kuma sunansa ne sunan hukuma na filin Maracanã. A ƙarshen shekarun 1990 Antonio Jorge Soares ya ƙalubalanci wannan gado. Ya ce manazarta sun mai da littafin ɗan jarida tamkar kundin shaida, alhali an gina shi ne kamar tatsuniyar gwarzo: a wulakanta baƙi, ya yi gwagwarmaya, ya yi nasara, ƙasa ta haɗu. A ganinsa rikicin 1924 na masu kare wasan sha'awa ne da masu shigo da kuɗi, kuma abin da jaridun lokacin suka fi tattaunawa ke nan. Ronaldo Helal da Cesar Gordon suka mayar masa da martani cewa rashin ambaton launi a takarda ba ya nuna babu wariya, domin a Birazil da wuya ake furta ta.

Soares yana da hujjojin da ba a ture su. Bangu, mai ma'aikatan masaƙa da baƙaƙen 'yan wasa, tana cikin waɗanda suka kafa AMEA. São Cristóvão, wadda ita ma tana da baƙaƙe, ta ci gasar hukumar a 1926. Cikin 'yan wasan Vasco na 1923 akwai fararen talakawa. Akwai kuma ƙiyayyar da ake yi wa 'yan Fotugal a Rio a lokacin, ana yi musu kallon baƙin da suka mamaye kantuna da gidajen haya; wani ɓangare na haushin Vasco na masu ita ne, ba na 'yan wasanta ba.

Duk da haka ina ganin raba batun gida biyu, a ce ko launi ko kuɗi, ya ɓatar da yadda abin ke aiki. Dokar da ta hana ɗan dako da wanda bai iya rubutu ba, a Rio ta 1924, ba ta buƙatar ta ce "baƙi". Jamhuriya ta riga ta gwada wannan hanya a akwatin zaɓe, ta ga tana aiki. Kuma Bangu ba ta taɓa cin kofi ba kafin lokacin. An jure ta ne muddin tana shan kashi. Ba a tuna da tsaurara doka ba sai da talakawa suka ɗauki kofi. A ɗaya ɓangaren, bai kamata a yi wa 'yan kasuwar Vasco rawanin waliyyai ba. Suna neman mutunci ne a birnin da ke raina su, ƙafafun samarin bayan gari kuma su ne hanya mafi kusa. Ɗan wasan da ke cika fili yana karɓar kare ko zomo, kuɗin ƙofa na shiga asusun ƙungiya da hukuma: kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Darajar wasiƙar ita ce, ranar da aka ce su zaɓa tsakanin kujera da yaransu, ba su sayar da yaran ba.

Filin da karo-karo ya gina

Saura sharaɗin fili. Ƙungiyar ta buɗe gidauniya tsakanin 'yan ƙungiya da magoya baya, mai kanti ya ba da nasa, yaron kanti ya ba da nasa. Aka sayi fili a yankin São Cristóvão, aka aza harsashi a tsakiyar 1926, aka gama cikin ƙasa da shekara. Ranar 21 ga Afrilu 1927 aka buɗe São Januário da wasa da Santos, baƙin suka ci 5 da 3. Ƙungiyar da aka ce ba ta da fili ta wayi gari da filin da ya fi kowane girma a Kudancin Amurka, har zuwa buɗe Centenario a Montevideo a 1930. A cikin Birazil kuwa ba a wuce shi ba sai da aka gina Pacaembu a São Paulo a 1940.

Girman filin ya jawo shi cikin siyasa. Shugaba Getúlio Vargas ya mai da shi dandalin bikin ranar ma'aikata, kuma a nan ya sanar da dokar mafi ƙarancin albashi ranar 1 ga Mayu 1940. Ba a banza ya zaɓi nan ba, ya bar filin Fluminense da ke Laranjeiras.

Dokar wasan sha'awa kuwa kasuwar waje ce ta karya ta. A 1931 Vasco ta je rangadi Fotugal da Sifaniya, manyan 'yan wasanta biyu baƙaƙe, Fausto da mai tsaron gida Jaguaré, suka ƙi dawowa, suka zauna a Barcelona. Italiya na kwasar masu jinin Italiya, Ajantina ta halatta biyan 'yan wasa a 1931, Yurugwai a 1932. A 1933 Fluminense da kanta, tare da Vasco, América da Bangu, ta jagoranci kafa gasar sana'a a Rio. Bangu ce ta ci ta farko, Vasco ta ci ta 1934 da Domingos da Guia da Leônidas da Silva. Manyan ƙungiyoyi sun gano wata hanya: ɗan wasa ya zama ma'aikaci mai albashi, yana shiga ta ƙofarsa, ba sai an ba shi katin zama ɗan ƙungiya mai shiga zauren rawa ba. Fausto ya mutu da tarin fuka a 1939 yana da shekara 34.

Barbosa

Shekarun 1940 su ne ganiyar Vasco. Tawagar da ake yi wa laƙabi da jirgin nasara ta ci gasar Rio a 1945, 1947, 1949, 1950 da 1952. A 1948 ta je Santiago ta ƙasar Chile ta ci gasar zakarun Kudancin Amurka, wadda hukumar CONMEBOL ta amince daga baya cewa ita ce mafarin Copa Libertadores. A wasan ƙarshe an tashi canjaras ba ci da River Plate mai Alfredo Di Stéfano, kuma mai tsaron gida Moacir Barbosa ya tare bugun fanareti.

Da gasar cin kofin duniya ta zo Birazil a 1950, kocin ƙasa Flávio Costa na Vasco ne, 'yan wasa takwas na tawagar ma nata ne, har da Ademir da ya fi kowa zura ƙwallo a gasar. A São Januário suka kwana kafin wasan ƙarshe, 'yan siyasa na ta sintiri suna ɗaukar hoto da su. Ranar 16 ga Yuli, gaban mutum kusan 200,000 a Maracanã, canjaras da Yurugwai ma ya ishi Birazil. Friaça ya fara ci, Schiaffino ya rama, sannan Ghiggia ya zura ta biyu ta tsakanin Barbosa da turken da ke kusa da shi. Mutum goma sha ɗaya suka sha kashi, amma laifin ya fi sauka kan uku: Barbosa, Bigode da Juvenal, dukkansu baƙaƙe. Aka farfaɗo da tsohuwar magana cewa baƙi ba ya da natsuwar riƙe amanar raga. Masu wannan magana ba su damu da cewa kyaftin ɗin Yurugwai da ya karya musu lago, Obdulio Varela, shi ma jinin Afirka ne ba. Barbosa ya ci gaba da ɗaukar kofuna da Vasco, amma a 1993 an hana shi ganawa da tawagar ƙasa a sansaninta, wai kada ya shafa mata rashin sa'a. Ya rasu a 2000. Sai a 2006, da Dida, baƙin mai tsaron gida ya sake zama zaɓin farko na Birazil a gasar duniya.

Sauran tarihin sananne ne, zan bi ta kansa da sauri. A ragar Vasco Pelé ya ci ƙwallonsa ta 1,000 a Nuwamban 1969. Ƙungiyar ta ci gasar ƙasa a 1974, 1989, 1997 da 2000. Roberto Dinamite ya kafa tarihin ƙwallo 190 a gasar. Romário daga makarantarta ya fito. Ta ɗauki Libertadores a 1998, shekarar cikarta ɗari. Daga nan bashi da rikicin shugabanci suka ci ƙarfinta, ta faɗa rukuni na biyu a 2008, 2013, 2015 da kakar 2020. Bayan dokar 2021 da ta ba ƙungiyoyin Birazil damar mayar da sashen ƙwallonsu kamfani, 'yan ƙungiyar suka amince a 2022 a sayar wa kamfanin Amurka 777 Partners kashi 70 cikin 100. Ba a cika shekara biyu ba kamfanin ya shiga matsalar kuɗi da ƙararraki a Amurka, kuma a watan Mayun 2024 wata kotu a Rio ta dakatar da ikonsa, ta mayar da ragamar ƙwallon hannun zaɓaɓɓun shugabannin ƙungiyar.